Ƙuda Talatin a Kwalba Ɗaya

Aikin Allura shi ne cire wa ƙudan yashi kai. In wani mai shisshigi ya tare ta a cikin bas ya ce, "'Yammata, aikin me kike?" haka take gaya masa, ba ƙari ba ragi. Yawanci sai mutum ya gyara zama ya koma kallon taga.

Ƙudan yashi, ga wanda bai san shi ba, ɗan mitsitsin abu ne, sauro ya yi ukunsa. Ba ya kuka a kunne, ba ya sallama. Jikinsa duk gashi, fukafukai a ɗage kamar wanda 'yan sanda suka tsare. Macen ce ke cizo. In ta ciji mutum, wani sa'in takan bar masa ƙwayar cuta, wato bairos, mai kawo zazzaɓin kwana uku da ciwon kai kamar ana faskare a ciki. Sai a kai shi asibiti, a ba shi maganin zazzaɓin sauro, ya warke don kansa, a yaba wa likita.

Irin waɗannan ƙwayoyin ake farauta a ɗakin bincike na hawa na biyu, inda Allura ke da teburi kusa da taga. Da yamma Direba yakan kai tarkuna ya rataye: 'yar fitila, 'yar fanka, da jakar raga a ƙasa. Wani a garken awaki, wani a akurkin kaji, wani a tsagar tsohuwar katanga, kowanne da lambarsa. Da safe ya kwaso ya dire mata. Ita kuma ta ɗauki ƙudajen ɗaya bayan ɗaya, ta kwantar a kan faranti mai ƙanƙara a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta sa allura biyu ta cire kai da ƙarshen ciki, ta manne su a ɗan gilashi, don a nan ake gane jinsin ƙuda. Gangar jikin kuwa sai 'yar kwalba, sai firiza, daga baya a niƙe a nemi bairos a ciki.

Ba ta da digiri, ko rabinsa. Wankin kwalabe aka ɗauke ta shekara shida da suka wuce. Wani littafi ta tsinta a saman firiza, bangonsa ya fita, ana ɗora masa butar shayi. Ta karance shi sau huɗu, tana leƙa madubi duk sanda masu shi suka fita cin abinci. Da tsohon da ke kan aikin ya yi ritaya, aka waiga aka ga ba wanda ya iya sai mai wanki. Sunan kuwa Direba ne ya laƙaba mata. Ya ce da allura take aiki, bakinta ma haka.

Mai gidan bincike shi ne Farfesa. Farar rigar aikinsa kullum a goge take, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda rabonta da kusantar aiki an daɗe. Alƙalami uku ne a aljihunsa, ɗaya ke rubutu. Ranar da ya ba Allura kujerar madubi, sai da ya tsaya a kanta ya yi jawabi.

"Wannan kujera ta masu takarda ce. Aronta na ba ki. Kuskure ɗaya, kin dai san hanyar famfo."

"Na sani, ranka ya daɗe. Taku tara ne."

Ba wasa yake ba. A kan teburinsa akwai fayil ɗin wani mai digiri biyu da ke jiran gurbi, kuma duk sanda ta shiga kai rahoto sai Farfesa ya ɗan gyara wa fayil ɗin zama, don ta gani.

A bangon da ke saitin kanta ya manna dokarsa, an lulluɓe ta da leda mai ƙyalli: KOWACE KWALBA ƘUDA TALATIN. BA ASHIRIN DA TARA BA. A ƙasa ga sa hannunsa da muƙamansa, sun fi dokar tsawo. Dalilinsa shi ne ruwan gwaji ba ya isa, kada a ɓarnatar da shi a kan kwalba rabi. Rajistar da ake rubuta kwalaben a ciki ma shi ya tsara ta da kansa, kuma gurbi ɗaya tak ya bari na lambar tarko.

Wata Litinin da hantsi, Dakta ta ɗago daga kwamfutarta ta ce a kira mata Farfesa. Dakta ita ce mai karanta rubutun halittar ƙwayoyin cutar. Mace ce mara hayaniya, da tabarau mai kauri da kwalin biskit a aljihun teburi. A shekara biyu Allura ba ta taɓa jin ta aika a kira kowa ba, don haka ta ajiye allurarta ta matso ita ma.

A allon kwamfutar akwai zanen bishiya uku, rassa birjik, kowane reshe da ƙananan rubutu a bakinsa.

Dakta ta ce, "Kwalba ta ɗari da sha huɗu ce. Ban gane mata ba."

Allura ta riga ta san karatun, don ta sha tsayawa a bayan Dakta da tsumman goge teburi a hannu. Bairos ɗin da ƙudan yashi ke ɗauka, rubutun halittarsa gida uku ne: babba, matsakaici, da ƙarami. Sai a karanta kowanne, a gwada shi da na duk waɗanda aka sani a duniya, kwamfuta ta zana bishiyar dangi ta nuna wa ke ɗan'uwan wa. A ƙa'ida, duk ukun a reshe ɗaya suke sauka, ko a maƙota. Akan samu 'yan'uwa na kusa su haɗu a cikin ƙuda guda su yi musayar gida ɗaya, wannan ba baƙon abu ba ne. Amma na wannan kwalba, babban ya sauka a can gabas da bishiya, matsakaicin da ƙaramin sun sauka a can yamma, cikin wani dangi na nesa da ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Farfesa ya sunkuya, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Dakta, kin san abin da kike kallo kuwa?"

"Shi ne na ce ban gane ba, Yallaɓai."

"Sabon abu ne! Kan wani dangi, jikin wani dangi! Ba a taɓa gani ba. Shekara talatin ina gaya wa mutane irin wannan na nan tafe."

Ba wanda ya taɓa jin ya faɗa, amma ba wanda ya yi musu. Nan take ya tambaya ko za a iya sa wa abin sunansa. Dakta ta ce ƙa'ida ba ta ba da wannan ba. Ya yi jimamin minti goma, sannan ya ce ba komai, hotonsa a jikin ƙyallen sanarwa ya wadatar. Ya sa ranar Alhamis a kira 'yan jarida, a kira shugabannin asibiti, a kira masu haɗa kayan gwajin jini, tunda dole a ƙera sabon gwaji na sabuwar cuta.

Da ya fita, Dakta ta jawo rajista, ta bi layi da yatsa.

"Allura, ɗari da sha huɗu. Tarko na huɗu, garken awaki. Duk talatin ɗin daga can suke ko?"

Allura ta dubi rubutun hannunta. "Abin da ke rajista ke nan."

"To," in ji Dakta, ta ɗauki biskit. "In wuri ɗaya ne, jinsi ɗaya, ai ba ni da ta cewa."

Allura ta koma kujerarta, ta sa ido a madubi, ba ta ga komai ba. Ta tuna ranar sarai.

Wata biyu ke nan. An ɗauke wuta tun safe, janareto ya ƙi tashi. Akwatin ƙanƙarar da take ajiye ƙudaje an hau da shi ofis, an zuba lemon kwalba, saboda Farfesa na da manyan baƙi. Farantinta na narkewa, ruwa na ɗiga mata a cinya, ga ragowar ƙudaje kashi biyu a gabanta: sha bakwai daga tarko na huɗu, garken awaki, sha uku daga tarko na tara, tsagar katangar tsohon gidan bulo, can ɗaya ƙarshen gari. In suka ɗumama, bairos ya lalace, aikin kwana biyu ya tafi. Ana cikin haka Farfesa ya shigo da baƙinsa, kowa da lemo mai sanyi a hannu, ya tsaya a ƙarƙashin dokarsa ya ƙwanƙwasa ta da alƙalami, ya ce, "Nan wurin ba ma wasa da tsari." Da suka fita ta dubi sha bakwai, ta dubi sha uku. Lissafin ko ɗan aji biyu ya iya shi. Ta juye su a kwalba ɗaya. Gurbin lambar tarko guda ne, ta rubuta huɗu.

A Litinin ɗin nan, lokacin cin abinci, da ɗakin ya zama ba kowa, ta sauko da akwatin gilasai daga kanta. Kawunan nan talatin suna nan a jere yadda ta manne su. Ta bi su ɗaya ɗaya. Sha bakwai jinsi guda. Sha uku wani jinsin dabam, masu jerin 'yan haƙora a maƙogwaro kamar matsefi. Ba bairos ɗaya ne mai kan wani da jikin wani ba. Biyu ne aka niƙe tare, gwaji ya ɗebo kan wannan da jikin wancan, kwamfuta ta ɗinka su.

Ta rufe akwatin. A duk ginin ba mai buɗe waɗannan akwatuna sai ita. Ba ma wanda zai gane abin da ya gani in ya buɗe.

Da aka tashi ba ta wuce gida ba, ta biya rumfar mahaifinta. Baba mai gyaran agogo ne, a ƙarƙashin matakalar wani shagon takalma, wurin da in ya miƙe sai kansa ya gaisa da siminti. Tun da waya ta fara faɗin lokaci, yawancin aikinsa sauya batir ne, amma kullum da gilashin gyara a manne a idonsa, ko da jarida yake karantawa. A wurinsa ta gaji hannun da ba ya rawa.

"Auta! Yau kawuna nawa aka sare?"

"Casa'in. Gobe ko jibi kuma nawa kan za a sare."

Ya ture gilashin zuwa goshi. Ta zauna a kan akwatin kayan aikinsa ta ba shi labari tun daga lemon kwalba. Bai katse ta ba, sai da ta zo kan hoton Farfesa a ƙyalle ya yi dariya har da tari.

"To shi kenan mana, ki bar bawan Allah da hotonsa. Wa ya sani?"

"Ba kowa."

"Wa zai sani?"

"Ba kowa, Baba. Sai dai wani a wata ƙasa, bayan shekara biyar, in ya nema bai samu ba."

Baba ya ɗauki wani agogon hannu ya kara a kunne. "Ni ma ai in na rasa haƙorin da ya dace, na sa wa agogo na wani, tafiya yake. Sati biyu, wata guda, lafiya lau. Ba ya tsayawa sai ranar da mai shi zai kama jirgi." Ya ajiye. "Naki, wa zai kama jirgi da shi?"

Ta dubi agogon da ya ajiye. Sannan ta ce, "Masu haɗa gwajin jini. Za su ƙera abin neman cutar da babu ita. Wadda ke akwai kuma a ci gaba da ba mutane maganin sauro."

"Af. To kin ga."

"Na gani. Famfo kuma na gani."

"In sun kore ki ma, ga benci. Ki zo mu raba."

"Baba, wannan bencin kai kaɗai ma aiki bai ishe ka ba."

"Sai mu riƙa hira. Ke dai kada ki gaya wa innarki tukuna, yanzu sai ta ce za ta je ta samu Farfesan da kanta. Ba ni da ƙarfin zuwa beli."

Talata ta wuce Allura ba ta ce uffan ba. Ta cire kai saba'in, ta lalata huɗu, abin da ba ta taɓa yi ba. Direba ya leƙo ya ce, "Yau Allura ta dakushe ne? Tun safe ba ki soki kowa ba." Ta ce masa ya je ya duba tayarsa.

Ranar Laraba aka kawo ƙyallen sanarwa, tsawonsa ya kai ƙofa biyu. Hoton Farfesa ya ci kashi biyu cikin uku, bishiyar dangi ta maƙale a gefe kamar wadda ta zo rakiya. Farfesa ya sa aka rataye shi a zauren taro, ya tsaya yana gwajin jawabi da sanda a hannu, yana nuna reshen da ba shi ba. Daga hawa na biyu ana jin muryarsa: "A tsawon rayuwata ta kimiyya..."

Allura ta ɗauki akwatin gilasai ta dire a gaban Dakta.

"Dakta, ɗan leƙa min nan."

Dakta ta leƙa na farko, ta leƙa na biyu. "Ƙuda ne."

"Dubi maƙogwaron. Wannan fayau yake. Wannan kuma?"

Dakta ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, sai da ta cire tabarau ta goge. "Duk daga ɗari da sha huɗu?"

"Sha bakwai na tarko na huɗu. Sha uku na tarko na tara. Ni na haɗa su don su cika talatin."

Dakta ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe aljihun teburi ta miƙa mata biskit, ita ma ta ɗauki ɗaya, suka ci shiru kamar masu zaman asibiti.

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Taku tara."

"Saurara. Akwai ragowar ruwan kwalbar a firiza. Zan iya cewa ni na yi shakka, na sake gwadawa, na ga biyu ne. Yakan faru ko a tarko guda. Ba sai sunanki ya fito ba."

Allura ta ajiye ragowar biskit ɗinta. Ga ƙofa an buɗe mata, ba ta ko ƙwanƙwasa ba. Har ta buɗe baki za ta ce na gode, sai idonta ya faɗa kan rajista.

"In an yi haka, na biyun a ina za a ce yake?"

"Abin da rajista ta ce. Tarko na huɗu."

"Ke nan Direba zai shekara yana rataye tarko a kan awakin mutane, abin yana can gidan bulo. Akwai gidaje a bayan katangar nan, Dakta. Na ga shanya."

Dakta ta dube ta ta saman tabarau. "To tashi mu je. Ni zan riƙe akwatin, hannunki na rawa."

"Hannuna ba ya rawa."

"To ƙafarki."

Suka sami Farfesa a ofis yana zaɓar rigar da zai sa a taro. Allura ta faɗi abin da ya faru, a tsaye, cikin jimla biyar. Ba ta sa lemon kwalba a ciki ba. Dakta ce ta sa.

Farfesa ya zauna. Ya tashi. Ya dubi taga, inda ake hango masu jera kujeru a zauren taro.

"Kin san ko ni wane ne?"

"Yana rubuce a ƙofa, ranka ya daɗe. Layi uku."

"Ni za ki kunyata? Wa ya ce ki haɗa tarko biyu?"

"Ba wanda ya ce. Bango ya ce talatin."

"Bango!" Ya juya ga Dakta. "Kin ji abin da ake samu in an ɗauko mutum daga bakin famfo. Kimiyya ba wankin kwano ba ce!" Ya jawo fayil ɗin mai digiri biyu ya buga a teburi. "Ki sauka. Yanzu. Kada in ƙara ganin ki kusa da madubina."

Aka ɗage taro "saboda dalilai na kimiyya masu zurfi". Aka naɗe ƙyallen, hoton na ciki, aka jingina a bayan firiza. Allura ta ɗaura tsohuwar atamfar wankinta a ƙugu, ta koma famfo. Burushin kwalabe na nan inda ta bar shi, sai dai wani ya yi amfani da shi ya goge takalmi. Daga inda take tana hango kujerarta, ba kowa a kai, jakunkunan raga na taruwa a firiza ba mai taɓa su. Ba ta yi kuka ba. Ta dai wanke wata kwalba sau uku.

Kwana huɗu Dakta ta yi a kan ragowar ruwan, ba ta ko taɓa biskit. Ran Litinin ta sake aikawa a kira Farfesa, sannan ta ɗaga murya, abin da ba a san tana da shi ba: "Allura, ajiye wannan ki zo."

Wannan karon gida shida ne a allo, ba uku ba. Babba biyu, matsakaici biyu, ƙarami biyu, kowanne ya koma wurin danginsa ya zauna lafiya.

"Na garken awaki tsohon sani ne," in ji Dakta. "Shekara uku muna samunsa. Na gidan bulo kuwa ba mu taɓa gani ba. Ɗan'uwansa mafi kusa a wata ƙasa mai nisa aka same shi."

Idon Farfesa ya kawo haske. "Sabon jinsi ke nan!"

"A'a, Yallaɓai. Sai babban gidan ya bambanta da na 'yan'uwansa da fiye da kashi biyar cikin ɗari ake kiran sa sabon jinsi. Wannan uku da ɗigo takwas ne."

"Uku da ɗigo takwas ai kusan huɗu ne. Huɗu kuma..."

"A'a, Yallaɓai."

"Ba a ɗan..."

"Ba a yi."

Ya sauke numfashi. Dakta ta ci gaba, ta ce abin da ya fi suna muhimmanci shi ne gwajin jinin da asibitoci ke yi yanzu ba ya kama wannan. Ana iya gyara gwajin cikin 'yan watanni, tunda yanzu an san rubutunsa na gaskiya, an kuma san katangar da za a je. Da an tafi a kan na Alhamis, da an ƙera gwajin da zai kama iska.

Sannan ta juya. "Allura, kwalba nawa aka cike haka?"

"Waɗanda ni na cike, uku ne. Na san lambobinsu. Na tsohon da ya riga ni kuwa, gilasai ne kaɗai suka sani. Shi ma a ƙarƙashin bangon nan ya zauna."

"Gilasai nawa ne?"

"Dubu huɗu da ɗari biyu da wani abu."

"Ke nan duk bishiyar da muka zana sai an sake dubawa, kwalba kwalba." Dakta ta dubi Farfesa. "Ni dai ban iya karanta su ba. Ranar Laraba na gwada. Ko kai za ka duba mana, Yallaɓai?"

Farfesa ya dubi akwatunan da ke jere a kanta har rufi. Ya taɓa alƙalumansa ɗaya bayan ɗaya.

"Mai digiri biyun fa?" in ji Dakta. "A kan me ya yi nasa?"

"Kifi," in ji Farfesa, a hankali.

Can ya gyara tsayuwa, ya maido da muryar jawabi.

"Dama ni tun farko jikina bai ba ni wannan kwalbar ba. Shi ya sa na ɗage taron." Ya nuna Allura da alƙalamin da ba ya rubutu. "Ke kuma kada ki ɗauka kin sha. Laifi sai da hukunci. Za ki zauna a kujerar nan ki bi gilasan nan kaf, ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta min jinsin kowanne. Ko wata takwas zai ɗauke ki. Ban da sababbin da Direba ke kawowa. Ba famfo, ba hutu, ba kuka. Kin ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Hukuncin ya yi tsanani, amma zan daure."

Ya dube ta yana neman inda dariya take a fuskarta, bai samu ba. A kan hanyarsa ta fita ya miƙa hannu ya ɓamɓare dokar daga bango, fenti ya biyo ta. Washegari aka manna wata, ita ma da leda mai ƙyalli: KOWANE TARKO DA KWALBARSA, KO ƘUDA ƊAYA NE. Muƙaman ƙasa sun ƙaru da ɗaya.

Allura ta kwance atamfar, ta wanke hannu, ta sauko da akwati na farko. Ƙura ta yi masa hula. Tana cikin goge gilashi na uku ta ji ana jan kujera. Dakta ce, da littafin rubutu sabo fil.

"Matsa min. Koya min maƙogwaron nan."

"Dakta guda?"

"Dakta guda ta kalli ƙuda biyu ta ce ƙuda ne. Ki koya min wannan, ni kuma da rana in koya miki zana bishiyar. Na gaji da ganin ki a bayana kina goge teburin da ba shi da datti."

Allura ta zura gilashin a ƙarƙashin madubi, ta murza har hoton ya fito tas, ta ja baya.

"To sa ido. Kada ki yi numfashi da ƙarfi. Me kika gani?"

"Gashi."

"Wuce gashin. Kowa da gashi yake farawa."